Kashi Talatin Cikin Ɗari

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Ciyawa tana neman cinye gyaɗar. Tunda damina ta kankama, da na hango hadari ta wajen Miga sai in yar da fartanya in gudo gida, ƙafafuna suna rawa. Sau da yawa ko ɗigo ba a yi. Bara war haka tsawa ta faɗa wa Baban Marwa a gindin tsamiyar gonar nan. Gonar ce kaɗai ya bar mana, ni da yarinyar. In na ci gaba da gudu, bana me za mu ci?

Laraba, 3 ga Yuli
Adda Rukayya, yayarsa, ta zo daga Dutse. Malamar gona ce. Ta ce, "Mahbuba, ki riƙa jin hasashen yanayi a rediyo mana." Na ce ina ji, ganewa ce ba na yi, kullum lissafi. Ta zaunar da ni kamar 'yar aji ɗaya. Wai in an ce kashi talatin cikin ɗari, ba yawan ruwan ake nufi ba, yiwuwar zuwansa ce. A rana goma irin wannan, uku a yi ruwa, bakwai a tashi haka. Na sa ta maimaita har ya zauna. Na ce, "Adda, ba duba ba ne kuwa?" Ta ce kirdado ne na masu auna iska, mai saukarwa dai Allah ne.

Asabar, 6 ga Yuli
Kashi ashirin aka ce. Na je. Hadari ya haɗo, na sunkuyar da kai ina noma ina salati. Ya watse. Hannuna duk kanta, amma ban gudu ba.

Talata, 9 ga Yuli
Yau "tsawa jefi-jefi" na ji. Na kira Adda. Ta ce nan da can ke nan, ba ko'ina ba. Sai Kiyawa ta jiƙe sharkaf mu muna cikin rana. In kuma aka ce za ta mamaye yanki, in zauna a gida. Ta ƙara da cewa, "Da kin ji rugugi, ko daga nesa ne, ki bar fili. Kada ki fake a gindin bishiya." Sai ta yi shiru. Ni ma na yi shiru. Da wani ya taɓa gaya masa...

Alhamis, 11 ga Yuli
Ashirin suka ce, aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na wuni ina jin haushin rediyon. Sai da yamma na tuna, ai ranaku biyun nan na cikin goma dole wata rana su zo. Gobe zan koma.

Juma'a, 19 ga Yuli
Kashi saba'in, da tsawa bayan azahar. Na yi sammako, na ƙarasa kunyoyin da suka rage. Gyaɗar ta fara fure. Da rugugin farko na saɓa fartanya na taho, tafiya nake ba gudu ba, na iso gida kafin iska ta taso. Muka zauna a ɗaki har tsawar ta daɗe da wucewa, saura yayyafi. Marwa ta ce, "Umma, in yi wanka a indararo?" Na buɗe baki zan hana, sai na ji na ce je ki.

Na fita ne don in dawo da ita, ba wani abu ba. Ga zanina can a igiya, har yanzu bai bushe ba.