Hancin Ƙarfe da Kwalbar Turarena

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali.

Bayan haka, ina sanar da ke cikin alhini cewa an tsige kwalbar turarena daga kan madubi, an tsare ta a kabad ba tare da shari'a ba. Antinki ce ta yanke hukuncin, don asibitin da kika nace mu je saboda tarin nan nata sun ce ta zo babu ƙamshin komai, kada na'urarsu mai sansano cutar kansa a numfashi ta ruɗe. Kin tuna na ce miki ni da na tsufa a gefen matar nan, in wani abu ya canza a numfashinta, hancina zai riga na ƙarfe ji.

Da gidan ya rabu da turare, sai wasu ƙamshi suka fito kamar baƙin da suka daɗe a bakin ƙofa: allin makaranta a mayafinta, tsofaffin littattafaina, sabulun da Inna take yi mana wanka da shi. Na wuni ina bin ɗakuna kamar mai tafiya cikin barci, har ta tambaya ko kuɗi na yar.

A asibitin ta hura iska cikin wata 'yar jaka. Ina zaune ina tunanin me na'urar take ji: shayin safe, waƙar da take yi in tana guga, faɗan da ta haɗiye saboda ni. Likitar ta ce na'urar nuni kawai take yi, sai an ɗauki hoto. An ɗauka. Akwai shi a huhun hagu, ƙarami, kuma suna da kyakkyawan zato. Sati mai zuwa za a yi mata tiyata.

Muka shiga mota za mu koma gida. Sai ta dafa hannuna ta ce, "Malam, kada ka yi kishi da na'ura. Ita ciwon kawai ta sani."

Ki zo in da hali. Ba za ta roƙe ki da bakinta ba. Ki gaida maigidan da Auta, Kawu ma yana gaishe ku.

Batun hancina kuwa, ke ce da gaskiya. Ban ji komai ba.

Yayanki