Kusurwar da Allura Ba Ta Kai Ba

Dawson, Jojiya
3 ga Satumba

Zuwa ga 'yata Renita,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ɓerayenki na ɗakin bincike. Mu nan sai godiyar Ubangiji. An fara haƙar gyaɗa, tireloli na yin layi a bakin ma'ajiyata tun kafin in sha kofi.

Na rubuto ne don in na kira ki a waya ba kya bari in kai aya. Likitan nan na garin Albany ya ce lambar da suke aunawa a jinina ta hau, wai sai an sake ɗibar nama da allura daga ƙullutun nan na ƙarƙashin mafitsarar maza. Na ce masa, "Yaro, shekara biyu da suka wuce kun soka min allura goma sha biyu, kuka ce ciwon dajin mai sanyi ne, a zuba masa ido kawai. Takardar tana aljihuna. Ko ku ne ba ku yarda da aikinku ba?" Ya fara zana min hoto a takarda. Na ɗauki hulata na fita.

Ni Lemuel Tarver da tsintsiya na fara a wannan ma'ajiya, yau sunana ne a allon ƙofa. Ban gama sakandare ba, amma na san abin da aka auna an auna. Ba zan je in kwanta a gadon asibiti ana tsakiyar kaka ba. Kada ki gaya wa gwaggonki Verlene, in ta ji kafin Lahadi duk coci ya ji.

Mahaifinki,
Lemuel


Baltimore
9 ga Satumba

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ɓerayen suna amsawa, kuma sun fi ka jin maganar likita.

Ka daɗe kana tambayata me nake yi shekara tara a gaban madubin ƙara girma. To ga shi. Muna renon ƙwayoyin wannan ciwon naka a cikin faranti. Wani lokaci sai ƙwayar ciwon ta manne da wata ƙwayar da ke kusa da ita, su haɗe su zama guda. Yawancinsu mutuwa suke yi. Amma wadda ta rayu sai ta haifi 'ya'ya da ba su yi kama da uwa ba, ba su yi kama da uba ba: wasu ragwaye, wasu masu saurin yaɗuwa, wasu ba sa jin magani. Ba mu gama tabbatar da yawan faruwar haka a jikin mutum ba, shi muke bi. Abin da kowa ya tabbatar shi ne, ƙulli ɗaya na iya ɗauke da iri daban-daban, kuma yana sauyawa.

Takardar da ke aljihunka gaskiya ta faɗa, amma labarin wurare goma sha biyu ne, na shekara biyu da suka wuce. Yanzu suna fara ɗaukar hoton ciki, sannan su kai allura inda hoton ya nuna. Awa ɗaya ne, Baba. Na roƙe ka.

Ban gaya wa Gwaggo ba.

'Yarka mai ƙaunarka,
Renita


Dawson
21 ga Satumba

Renita, 'yar ɗan'uwana,

Ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ba sai kin gaya min ba, ni ke wanke masa riguna, na tsinci takardar asibiti a aljihu. Ranar da aka ba shi ya koma asibiti ta wuce jiya, yana can kan sikeli yana yi wa direbobi tsawa.

Akwai abin da ba ki sani ba. Kakanki ba ciwon baya ne ya kashe shi ba, haka dai muka riƙa faɗa. Wannan ciwon ne, ya shiga ƙashi kafin a gane. Ubanki yana ɗan shekara goma sha bakwai shi ke ɗaga shi, shi ke yi masa wanka, shi ya sa ya bar makaranta. Tun ranar da aka binne shi bai ƙara ambaton maganar ba.

Na same shi a kicin na ce, "Lem, girman kai ne ko tsoro?" Ya ce, "Verlene, gishirin waken nan ya yi yawa." Na ce, "Ka cinye kwano biyu kafin ka lura?" Ya tashi ya fita.

Kada ki ƙara aiko masa da karatu. Ya karanta wasiƙarki ya fi sau biyar, na ga yadda ta tsufa. Ki bar shi ya zagayo da ƙafarsa. Ina ta addu'a.

Gwaggonki,
Verlene


Dawson
4 ga Oktoba

'Yata,

Bayan gaisuwa. Shirunki na mako uku ya fi surutunki ciwo, na san kuma aikin gwaggonki ne.

Bari ki ji abin da ya faru ranar Talata. Kin tuna Cleon Battle, mai gona a hanyar Sasser? Ya kawo tirela cike. Aka zura bututun ɗibar samfur a wuraren da aka saba, gyaɗa ta fito fes. Har za a sallame shi, sai na zagaya ta gaban tirelar, hancina ya ji wani abu. Na ce a kai bututu can kusurwar gaba, jikin bango, inda ba a cika kaiwa ba. Abin da ya fito ɗanye ne, koriyar fumfuna ta kama shi. Ko Cleon ne ya tura ta can, ko ruwa ne ya shiga, ban sani ba.

Ya diro daga mota yana huci. "Haba Lem! Makon jiya ka karɓi kayana daga gonar nan dai, ga takardar!"

Na ce, "Takardar makon jiya ta kayan makon jiya ce."

Ya ce, "An soka wuri takwas, duk lafiya!"

Na ce, "Wuri takwas ɗin lafiyarsu ƙalau. Ni a kan na taran nake magana. In na zuba wannan a rumbu, kafin Kirsimeti ta lalata min na mutum hamsin."

Ya ce, "Kai dai tun muna yara hancinka ya fi na kare."

Na buɗe baki zan rama, sai na ji maganar tawa ta dawo min a kunne. Na tsaya riƙe da gyaɗar nan a tafin hannu har Cleon ya ce, "Lafiya, tsoho? Ko fumfunar ta bugar da kai?"

Kada ki ce ke kika ci. Ba ɓerayenki suka koya min ba, shekara hamsin na yi ina wannan aiki. Washegari na je wajen likitan. Na ce, "Waɗancan allurai goma sha biyu, kowa wurare iri ɗaya kuke soka masa?" Ya ce kusan haka. Na ce, "Ta ina ba ku cika kaiwa ba?" Ya ce ta gaba, don ta fi wuyar isa. Na ce, "To nan za ka duba." Ya ce abin da yake ƙoƙarin zana min ke nan wancan karon. Na ce masa bai iya zane ba.

An ɗauki hoton jiya. Allura ranar sha biyar. Sun ba ni wata takarda, wai ko na yarda a ajiye ragowar naman don masu bincike irinku. Na sa hannu. In ya taɓa zuwa farantinki, ki kula da shi, na gidan mutunci ne.

Renita, na ga yadda ubana ya ƙare. Ban so in ji wani ya faɗa min da baki cewa ni ma haka zan ƙare. Iyakar abin da zan ce ke nan a kan wannan.

Mahaifinki,
Lemuel


Baltimore
10 ga Oktoba

Baba,

Ina gaisuwa. Ban ce na ci ba. Na dai karanta wasiƙarka a tsaye a bakin akwatin gidan waya, har wata mata ta miƙo min hankici.

Ka gaishe min da Kawu Cleon, ka ce na gode, kada kuma ka gaya masa dalili. Duk abin da allura ta samo, ka faɗa min yadda yake, ba ragi. Ni ba yarinya ba ce.

'Yarka,
Renita


Dawson
26 ga Oktoba

'Yata,

Gaisuwa. An same shi, ta gaba, kamar ƙwayar wake, kuma mai zafin ne. Bai fita daga ƙullutun ba, ƙashi lafiya lau. Likita ya ce da an ƙara shekara guda da wata maganar muke yi. Za a cire ranar tara ga Disamba, bayan na rufe rumbu.

Ya ce ba zan iya tuƙa kaina gida ba, kuma mako biyu sai da mai kama min hannu. Ya tambaya ko ina da wani. Na ce ina da likita sukutum a Baltimore.

Ki zo.

Mahaifinki,
Lemuel