Ƙugiyar da Inna Ta Ja Cikin Harawa

Zuwa ga Yayana Sale,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai cewa Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. An shigo da amfanin gona. Gero ya yi, gyaɗa ce dai ta ba mu kunya. Na san wasu ne za su karanta wasiƙar nan ba kai ba, amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya damina uku ke nan, kuma da kai nake so in yi ta.

Na koma fatsa, Yaya. Bari in faɗa maka yadda aka yi tun daga tushe.

Ka tuna saniyar da muka tarar a mashayar dam muna samari, ƙugiyar wani ta maƙale mata a leɓe, bakin ya kumbura har ta kasa kiwo? Ba ƙugiyarmu ba ce, amma ranar ka kasa cin tuwo. Tun daga nan ka kafa dokarka: “Ƙugiyar da ka jefa taka ce har sai ka fito da ita.” Kowa in tasa ta sarƙe a ciyawa tsinke zare yake ya ɗaura wata. Kai kuwa sai ka tuɓe riga ka bi zaren cikin ruwa. Mun yi maka dariya, mun ce wata rana kifi zai naɗa ka sarki. Ka ce shanu na shan ruwan nan, mata na wanki a bakinsa, ba za ka bar musu ƙarfe mai tsini ba.

Ranar da abin ya faru ina gonar albasa. Bayan la’asar ka bi zarenka cikin kachala, ciyawar nan mai tsayi da ta cinye bakin dam, ka faɗa ramin da ba ka san da shi ba. Masu kwale-kwale ne suka ciro ka, zaren na naɗe a ƙafarka, ƙugiyar na cikin tafin hannunka. Na daɗe ina jin haushinka, ba zan ɓoye maka ba. Ka fito da ita kamar yadda ka saba, kai ne ba ka fito ba.

Inna ta tattara kayan fatsarka ta ɗaure a buhu ta rataye cikin rumbu. Ta daina cin kifi. Ko busasshe aka saka a miya, ture kwanon take yi.

Rani biyu na yi ina tafiya cirani Kano. Duk dawowar da zan yi sai in tarar ta ƙara ramewa, ita kaɗai a gidan nan da tumaki. Bana na ce ba inda za ni. To mutum ya zauna a ƙauyenmu da rani yana me, in ba ruwan nan ba? Na roƙe ta ta bar ni in koma fatsa. Sai bayan mako guda, wata safiya tana tankaɗe ta ce, “Je ka. Amma ruwa kada ya wuce maka idon sawu. In ya wuce ban yafe ba.”

Ka ga inda kuka sa ni ku biyu. Ita ta ce kada in shiga, kai ka ce kada in bar ƙugiya. Na je bakin dam da tana da ƙugiya irin tamu ta dā, na dubi kachala da bado sun rufe ko’ina, na san jifa uku ba zan yi ba ta sarƙe. Na zauna har rana ta yi sanyi ban jefa ba, na dawo gida da tanata.

A waya na fara ganin maganin abin. Mutanen wasu ƙasashe ne ke jefa wata irin ƙugiya tsakiyar ciyawa, su jawo ta tana iyo kamar ɗan kifi, ta fito fes. Kifin da suke kamawa babu shi a ruwanmu, amma na ce mafarauci ne mai laɓewa cikin ciyawa, kamar giwan ruwa. Ranar kasuwar Ɗanbatta na same ta wajen wani dattijo mai kayan su, Alhaji Garba. Shi ƙugiya mai tsintsiya yake ce mata, sunan kuwa ya dace. Kanta na dalma ne, jikinta gezar roba, sai wasu tsinkayen roba masu ɗan tauri da suka taso daga kan suka yi wa tsinin rumfa. Ciyawa in ta zo sai ta zame ta kansu. Kifi in ya cafka sai su kwanta, tsinin ya shige.

Da kana nan da ka yi dariyar yadda na tsaya zaɓe, ni da ko takalmi ba na gwadawa. Alhaji ya yi ta tura mini wata mai ƙyalli da ƙaton kai zagayayye, wai ita aka fi saye. Na ce a’a, wannan kan zai riƙa kwaso gansakuka ne kamar ludayi. Na ɗauki mai siririn kai irin ƙwallon dabino, wadda kunnen ɗaura zare yake can kan hancinta, don ita ce za ta ratsa tsakanin karan kachala. Ban ɗauki mai nauyi ba, ruwan bakin gaɓa ba zurfi gare shi ba, mai nauyi nutsewa za ta yi cikin taɓo. Launi kuma na bi na ’ya’yan karfasa, kore-kore da farin ciki, tunda su manyan ke ci.

Tsintsiyar ce ta fi ba ni aiki. Na bi ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya ina danna tsinkayensu da babban yatsa. Wadda ta kwanta da ɗan taɓi, ciyawa ma za ta kwantar da ita. Wadda ta yi tauri kamar buroshin wanki, kifi zai tauna ya tofar ba a kama shi ba. Na ɓata wa Alhaji rabin wuni, har ya ce in aure na zo nema in faɗa masa. Ƙarshe na zaɓi mai ɗan tauri. Na fi so in rasa kifi da in rasa ƙugiya, kuma ka san dalili.

Da na kawo gida na yi wa Inna bayani, ba ta ko dube ni ba. Ta karɓa, ta juya ta a hannu, ta ce in ɗaura mata zare. Sai ta tashi da gwiwar nan tata ta nufi tarin harawar tumaki. Ta cusa ƙugiyar can ciki ta jawo, ta fito ba ko ganye. Ta sake, ta sake. Ta kai ta jikin danga ta ja ta tsakanin kara. Tumaki sun tsaya suna kallonta, ni ma haka. Ta yi ta ja har hannunta ya gaji, sannan ta shiga rumbu ta sauko da buhunka ta ajiye mini a gaba. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Da gwangwaninka da na tarar cikin buhun nake naɗe zare yanzu. Nakan tsaya kan tudu in wurga ta ƙetaren ciyawa, in fara naɗewa tun kafin ta nutse, ba sauri ba tsayawa. Kana jin ta tana gogar kachala tana wucewa. Tarwaɗa na ɗauka, ƙananan giwan ruwa ma na ɗauka, kuma wallahi na fi ka kamu, ka yi haƙuri. Kullum na dawo, kafin Inna ta dubi abin da na kamo sai ta sunkuya ta taɓa ƙafar wandona.

Amma babu ƙugiyar da ba ta sarƙewa, wannan na gane shi makon jiya. Wani kifi ya ɗauka ya nutsa da ita cikin saiwa, ya kuɓuce ya bar ta a maƙale. Ina ganin inda zaren ya shiga, taku goma bai kai ba. Na ja ta dama, na ja ta hagu, ko motsi. Sai na ga hannuna ya kai ga maɓallin riga. Ruwa na taɓa yatsun ƙafata, kuma muryarka nake ji sarai.

Na mayar da maɓallin. Na kafa kara a gaɓa na ɗaure zaren a jiki, na taka har mashigar masu kwale-kwale, na jira Malam Idi ya gama sallah, shi da ya ciro ka. Ya tuƙa ni muka bi zaren, na sa doguwar gora na zunguro ta. Ya ce duk wannan wahala saboda ƙugiya ɗaya? Na ce dokar Sale ce. Sai ya juya kwale-kwalen ya mayar da ni gaɓa.

Abin da nake so in faɗa maka ke nan, Yaya. Dokarka gaskiya ce, kuma na riƙe ta, ba saniyar da za ta sha ƙarfena. Amma gaggawa ka yi. Kwale-kwalen nan yana nan ranar, gorar ma tana nan. Da ka jira, da yanzu kai kake yi mini tsiya a kan zaɓen tsintsiya. Na faɗa, na huce, ba zan sake faɗa ba.

Ranar na dawo gab da magariba, tarwaɗa ɗaya tal a hannuna. Na tarar da Inna tsaye a ƙofar gida, mayafinta a karkace. Na ba ta labari duka ban rage komai ba. Ta sunkuya ta taɓa ƙafar wandon, dama da hagu, ta ji su a bushe. Sai ta karɓi kifin ta gyara da kanta. Da aka sauke miya ta sa hannu ta ɗauki kan, rabonka na kullum, ta ci.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa tausayin da ka ji wa dabbar da ba taka ba ya tarbe ka a can. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya ba ni ikon dawo mata kullum da busasshen wando. Amin.

Ƙaninka mai kewarka,
Habibu