Janaretan da Na Sa Aka Kawo Miki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki. Mu nan Ajingi lafiya ƙalau, an girbe gero, gyaɗa ce ta rage.

Uwata, sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa ban taɓa kiran sunanki ba. Na rubuta wannan a inda kowa zai gani ne, domin abin da na yi miki a gaban mutane na yi shi.

Tun da kika tafi Turai aiki, duk wanda ya tambaye ni a majalisa sai in ce 'yata janaretan jirgin sama take ƙerawa. Iya abin da na sani ke nan, ban kuma taɓa neman ƙari ba. Da kika zo hutun babbar Sallah, Alhaji Sule mai cajin waya ya ɗauko janaretansa da ya lalace ya sauke a ƙofar gida, mutane suka taru su ga aikin injiniya. Ni na ce ya kawo.

Kika fito da mayafinki, kika gaishe su, kika tsuguna kika duba. Sannan kika ce wannan ba fanninki ba ne, gara a kai wa mai gyara a Gaya. Wani ya yi dariya. Sai raina ya ɓaci, na ce, "To wannan karatun wace tsiya ya tsinana mana?" Kika ce, "Ka yi haƙuri, Baba," kika shige gida. Har ranar da kika hau motar Kano ba ki canja mini fuska ba.

Bayan tafiyarki ne mahaifiyarki ta zaunar da ni. Ashe ita ta tambaye ki, kin kuma yi mata bayani. Ta ce jirgin da zai tashi da lantarki wuta mai yawa yake so, janaretan da muka sani kuwa in zai ba da irin wannan wutar, nauyinsa ya fi ƙarfin jirgi. Shi ne kuke sanyaya wayoyin cikin janaretan da sanyin da ya wuce na ƙanƙara nesa ba kusa ba, har wuta ta riƙa ratsa su ba su yi zafi ba, inji ya zama ƙarami, ƙarfinsa ya ƙaru. In sanyin ya kuɓuce ko a wuri ɗaya ne, waya na iya ƙonewa. Aikinki shi ne kada hakan ta faru jirgi yana sama da mutane a ciki.

Ta kuma gaya mini cewa dab da zuwanki injin da kuka daɗe kuna haɗawa ya ƙone a wurin gwaji, kuma ta ɓangarenki matsalar ta fito. Da wannan nauyin kika zo gida ki huta. Ni kuwa na tare ki da waccan tambayar.

Shekara da shekaru ina koyarwa a firamare, ina ce wa yara wanda bai gane ba ya tambaya. 'Yata ban tambaye ta ba. Sunan aikin nake so don in riƙa faɗa, aikin kansa ban damu da shi ba.

Yanzu in kin kira sai ki gaishe ni, ki tambayi gona, ki ce in miƙa wa Inna. Ina jin muryarki tana sakewa da zarar wayar ta bar hannuna. Ban ga laifinki ba.

Ki yafe mini, Uwata. In kin sake kira, kada ki yi saurin cewa in miƙa. Ki fara mini bayanin aikinki tun daga farko, a hankali, inda ban gane ba zan tsayar da ke.

Allah Ya ba ku nasara a gwaji na gaba, Ya kare duk wanda zai hau abin da hannunki ya taɓa, Ya yi miki albarka.

Ni ne mahaifinki,
Malam Isa, Ajingi.