Jar Motar Kawu Sabi'u

Daren Laraba, 14 ga Janairu

Raina bai kwanta da Kawu Sabi'u ba. Da sassafe, cikin sanyin nan, ya miƙo mini makullin jar motarsa ta tsere, wadda ko taɓawa ba ya bari a yi. Ya ce, "Habu, kai ta Sandamu, mai saye na jira."

A wata kwana na ɗan taka mai, sai bayanta ya zame, tunda tayoyin baya ke tura ta. Allah ya kiyaye, yashi ya tare ni. Na sauka na duba: tayoyin sun suɗe, ba su na gani jiya ba.

Da na juyo gida da motar na faɗa masa abin da ya faru, bai tambayi lafiyata ba. Cewa ya yi, "Wa ya gan ka?"