Darbejiya Biyu da Baba Ya Dasa

Daren Laraba, ƙarshen bazara

Yau Sani, ɗan ƙanina, ya shigo gonar bayan gida da mai saran itace, wai darbejiyar nan guda biyu suna tare wa gyaɗa rana. Na dogara sandata, na je na tsaya a tsakaninsu.

Na ce, "Sani, ka san wanda ya dasa su?"

Ya ce, "Haba Gwaggo, itace ai itace ne. Tamaular zamanin Turawa za mu ci?"

Ban gusa daga tsakaninsu ba har mai saran itacen ya tafi, domin ban saba sa-in-sa a gaban baƙo ba. Baba ne ya dasa su. Shi ne mai tsaron gida a shekarar da 'yan kwalejinsu suka gama kakar wasan ƙwallon ƙafa babu wanda ya doke su, kuma ƙafarsu ko takalmi babu. Da ya dawo gida, sai ya auna faɗin raga da takunsa, ya kafa dashe a kowane gefe. A inuwarsu ya koya mini karatu tun ina ƙarama.

Gonar nan rabona ce na gado, aro na ba Sani, amma da alama ya manta. Gobe da hantsi zan je wurin Dagaci da ƙafata, ba na neman rakiya. Idan inuwa ta dami gyaɗarsa, ya nemi wata gonar.

Gwiwoyina suna ciwo ƙwarai. Amma Baba ya tsare gidansa ba a wuce shi ba, 'yarsa ma ba za a wuce ta ba.