Takun da Na Gani a Ƙugun Dontrell

Anti Corliss,

Don girman Allah ki taimake ni kafin ranar Litinin. Shekarata hamsin da shida, ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba. Matata ce ke karanta filinki, tana yi mini tsiya wai in zo in ga masu taurin kai irina. To, ga ni na zo, kuma ko ita ba ta san abin da zan faɗa miki ba.

Aikina duba wa wani babban kulob 'yan ƙwallon jami'a. Ƙwallon Amurka nake nufi, mai jifa da cafewa da hannu. Shekara ashirin da uku ina bin hanyoyin Misisipi da Alabama da Luwiziyana, daga wannan fili zuwa wancan, in kalli yara, in ba su maki, in rubuta rahoto. Da rahotannin ne manyanmu ke shiga zaɓen 'yan wasa na watan Afrilu, zagaye bakwai, kowane kulob ya ɗauki nasa. An san ni da idon 'yan baya, masu tsare mai cafe ƙwallo. Ɗan baya da baya yake gudu, idonsa a kan abokin karawarsa, sai ya murɗa ƙugu ya bi shi hagu ko dama cikin ƙiftawar ido. Duk sana'ar a ƙugun nan take.

Akwai wani yaro, bari in kira shi Dontrell, a wata ƙaramar jami'a da manyan motoci ba sa zuwa. Shekara uku ina kallonsa, ban ga wanda ya wuce shi sau biyu a wasa ɗaya ba. Kakarsa, Mama Ozella, ita ta raine shi, kuma cocinsu ɗaya da 'yar'uwata. A watan Nuwamba aka tashi daga coci ta ja ni gidanta, ta cika mini faranti da jan wake da shinkafa da soyayyiyar tarwaɗa. Sai da na ci na ƙoshi sannan ta kawo maganar. Saura masa shekara ɗaya a makaranta, kwamitin da ke ba irinsu shawara ya ce ya koma ya ƙarasa, shi kuma ransa na kan tafiya. Ta ce, “Ɗana, kai ka san aikin nan. Ya zauna ko ya tafi?”

Anti, ƙa'idar aikinmu ta hana mu buɗe baki a kan yaron da bai gama ba. Na sani sarai, ni nake koya wa sababbi. Amma son a ce na iya ya ɗebe ni, na ajiye cokali na ce, “Mama, in aka gama zagaye na uku ba a kira sunansa ba, ki daina gaishe ni.” A watan Janairu ya sa hannu ya shiga zaɓe. Wanda ya sa hannun nan ba ya sake buga wa jami'a, ƙofar ta rufe ke nan.

Ba a gayyace shi babban gwajin da likitoci ke tuɓe yara su duba su ba, don haka makon jiya muka taru a filin makarantarsu don mu gwada shi. Ya yi gudun yadi arba'in cikin daƙiƙa 4.36. Ki ga manyan mutane suna nuna wa juna agogo kamar an yi musu haihuwa, wani abokin aikina har yana zungurina wai ni dattijo na ɓoye nama shekara uku na hana kowa. Suna can kan wayoyinsu aka fara gwajin juyi, inda koci ke riƙe ƙwallo ya karkata ta hagu ko dama, yaro ya bi. Ta hagu Dontrell ya juya sumul. Ta dama sai na ga ya ƙara ɗan taku guda kafin ƙugun ya buɗe. Aka sake, ya sake. Da ya koma layi ya sa babban yatsa ya dafa ƙugun, ya yi saurin sauke hannu.

Na koma na zauna a kan bidiyon wasanninsa talatin da huɗu. Tun tsakiyar shekararsa ta biyu kocinsa bai sake tsayar da shi a gefen da zai tilasta masa juyawa dama ba. Ni da ake cewa ina da ido, shekara biyu ina kallo ina lissafa ƙwallon da ya ƙwace, ban taɓa tambayar kaina me ya sa kullum gefe ɗaya yake ba. Na bi ta wurin mai wanke musu riguna, tsohon sanina, ya ce shi dai abin da ya sani, bayan kowane wasa Dontrell ne na ƙarshen fita daga bahon ƙanƙara. Na tambayi mai yi musu tausa, ya ce in tambayi koci. Koci ya ce tsarinsu ne haka, ya kama zancen yanayi.

Ranar Litinin zan miƙa rahoton ƙarshe. In na rubuta takun nan, sunansa zai zame ƙasa, kuma maganarmu ba ta kwana a ɗaki ɗaya, kafin mako duk kulob ya ji. Ɗan ƙaramar makaranta mai shakka a ƙugu, wa zai ɗauka? Zai iya tashi ba zaɓe, ba makaranta, kuma bakina ne ya fito da shi. In na yi shiru, wataƙila mu ɗauke shi, ya sa hannu a kwantiragi, Mama Ozella ta huta da tsayuwa a kicin ɗin asibiti. Daga baya in ƙugun ya tonu, ai ya riga ya samu. Wallahi na rubuta jimlar na goge ta ya fi sau ashirin. Jiya tsohuwar ta aiko mini da burodin masara ta hannun 'yar'uwata, na kasa ci. Tsoro nake ji, kunya kuma ta ishe ni. Me zan yi?

Mai Agogo a Hannu, daga Misisipi

*

Ɗan'uwa Mai Agogo,

Na ji ka, kuma ba zan ƙara maka duka ba, ka yi wa kanka isasshe. Ka yi kuskure a teburin matar nan, ka faɗi abin da ba naka ba ne ka faɗa, wannan ya wuce. Na kuma ga cewa shirun da kake tunanin yi don tausayi ne, ba don mugunta ba. Amma ka duba wanda zai ɗauki nauyinsa. In ka yi shiru aka ɗauke shi, kai za ka huta da kunya, shi kuma a jefa shi gaban manyan da suka fi waɗanda ya saba karawa da su gudu da wayo. Mako nawa za su yi kafin su gane inda ba ya so su bi? Daga nan ta can za su riƙa bi da shi har abin ya tsinke. Yaron zai yi shekara hamsin yana tafiya a kan ƙugun nan bayan kowa ya manta gudunsa.

Ni ban san ƙwallo ba, amma na san kai ba likita ba ne. Taku ka gani, ba ka ga cuta ba. Ka rubuta takun yadda ka gan shi, ka nemi likitan kulob ya duba shi, ka tsaya nan. Sannan ka rubuta sauran gaskiyar da ƙarfinta: shekara biyu yana wasa da wannan ƙugun, ba a wuce shi sau biyu a wasa ɗaya ba. In da wani wuri a baya da ba ya buƙatar juyi sosai, kai ka sani, ka faɗa musu. Sunansa zai iya sauka, ba zan ruɗe ka ba, amma zai sauka da mai tsaya masa a ɗakin.

Kafin Litinin kuwa, ka shiga mota. Na karanta wasiƙarka sau biyu. Ka tambayi mai wanki, ka tambayi mai tausa, ka tambayi koci, yanzu ka tambaye ni, amma mai ƙugun ba ka tambaye shi ba. Ka faɗa masa abin da ka gani da abin da za ka rubuta, ya ji daga bakinka. Ka taimaka masa ya ga likitan da ba na makaranta ba, ba na kulob ba, cikin makon nan, don mai yiwuwa abin gyaruwa ne. Ka bincika masa yadda zai ƙarasa karatunsa, filin wasa aka rufe masa, ba a rufe aji ba. Bayan nan ku je wurin Mama Ozella tare, ka ce mata ka yi azarɓaɓi. Za ta ji zafi, kuma tana da haƙƙin ta nuna maka.

Idan ka zauna da shi, kada ka fara da zaɓe ko maki. Ka ce masa, “Ɗana, tun yaushe yake maka ciwo?” Sai ka rufe bakinka ka saurara. Ina jin duk garin nan kowa tambayarsa yake zagaye na nawa, babu wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar.

Allah ya ba yaron lafiya, ya buɗa masa, kai kuma ya ba ka ƙarfin zuciya, ya kai ka lafiya.

Anti Corliss